Muryar Shahararru da Tsadar Asibiti: Wa Zai Biya?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

    

Maganarmu ta yau a kan shahararrun mutane ce: 'yan fim, mawaƙa, 'yan ƙwallo, da masu gabatar da shirye-shirye a talabijin. Sau da yawa irin waɗannan mutane sukan ajiye sana'arsu a gefe, su tsoma baki a batun tsadar asibiti da dokokin kiwon lafiya. Wasu su sa musu albarka, wasu su ce ina ruwan biri da gada. To, me muryar tasu take iya yi wa marar lafiya? A ina ƙarfinta yake ƙarewa? Mu kuma da muke saurare, da wane ma'auni za mu auna abin da suka faɗa? Za mu fara daga Amurka, inda wannan muhawara ta fi zafi, daga baya mu dawo gida. A gyara zama.

(Gajeren kiɗa)

Babu ƙasar da ke kashe kuɗi a kan lafiya kamar Amurka. A shekarar 2023 kaɗai, abin da gwamnati da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane suka kashe ya kusan dala tiriliyan 4.9, wato sama da kashi 17 cikin 100 na duk abin da tattalin arzikin ƙasar ya samar. Idan aka raba, kowane mutum ɗaya ya tashi da sama da dala 14,000. Duk da waɗannan maƙudan kuɗi, ƙasar ba ta da tsari guda da ya ɗauki kowa da kowa, irin wanda Birtaniya ta kafa tun 1948. Yawancin Amurkawa ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Tsofaffi daga shekara 65 suna da shirin gwamnati mai suna Medicare, masu ƙaramin ƙarfi kuma suna da Medicaid, dukansu an kafa su a 1965. Wanda bai faɗa ko ɗaya cikin waɗannan ba, sai ya saya wa kansa daga kamfani, ko ya zauna haka nan yana addu'ar kada ciwo ya zo.

Kafin 2010, kamfanin inshora yana da ikon ya duba tarihin lafiyarka, idan ya ga kana da ciwon suga, ko an taɓa yi maka aikin daji, ko an haife ka da ciwon zuciya, ya ce ba zai karɓe ka ba, ko ya tsuga maka kuɗin da ya san ba za ka iya ba. Yana kuma iya yanka maka iyaka: idan abin da ya biya a kanka ya kai kaza, shi ke nan har abada. A lokacin mutum kusan miliyan 48 ne ba su da inshora ko kaɗan.

Ranar 23 ga Maris 2010, shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da aka fi sani da Obamacare. Dokar ta hana kamfanoni korar mai tsohon ciwo ko ƙara masa kuɗi saboda ciwon, ta soke waccan iyakar, ta faɗaɗa Medicaid, ta ba masu matsakaicin ƙarfi tallafin sayen inshora, sannan ta ɗora tara a kan wanda ya ƙi saye. Zuwa 2016, marasa inshora sun ragu daga wajen kashi 16 cikin 100 zuwa wajen kashi 9. Amma dokar ba ta rasa masu kuka da ita ba. Waɗanda ke saya wa kansu ba tare da tallafi ba sun ga kuɗinsu na wata-wata ya hau sosai. Wasu sun tsani a ce gwamnati ta tilasta musu sayen abu. Jam'iyyar Republican ta yi shekara bakwai tana alkawarin rushe dokar, kuma da Donald Trump ya hau mulki a Janairun 2017, sai dama ta samu.

Ana cikin wannan ja-in-ja ne wani mutum da sana'arsa ba wa mutane dariya ya shigo fage.

Jimmy Kimmel yana gabatar da shirin barkwanci da hira da dare a tashar ABC tun 2003. Ranar 21 ga Afrilun 2017 matarsa ta haifi ɗa namiji a birnin Los Angeles. Bayan 'yan sa'o'i, wata ma'aikaciyar jinya ta lura launin jaririn ya canza, kuma bugun zuciyarsa da wani sauti a ciki. Da aka bincika, sai aka tarar akwai huda a bangon da ya raba sassan zuciyarsa biyu, kuma hanyar da jini ke bi zuwa huhu a toshe take. Yana da kwana uku a duniya aka buɗe ƙirjinsa a asibitin yara na birnin, aka yi masa tiyata, kuma Allah ya sa aka dace.

Daren 1 ga Mayu, Kimmel ya tsaya gaban kyamara, maimakon barkwanci sai ya ba da labarin ɗansa, muryarsa na rawa, hawaye na zuba. Ya jero sunayen likitoci da ma'aikatan jinya yana godiya. Daga nan ya juya ga 'yan majalisa. Ya tuna musu cewa a da, yaro irin nasa idan ya girma zai iya rasa inshora saboda ciwon da aka haife shi da shi. Ya ce bai kamata a bar wani uba ko wata uwa suna lissafin ko aljihunsu zai iya ceton ran ɗansu ba, kuma wannan magana ce da ya kamata kowace jam'iyya ta yarda da ita. Cikin kwanaki kaɗan miliyoyin mutane suka kalli wannan jawabi a intanet.

Amma ku ji abin da ya biyo baya. Kwana uku kacal bayan jawabin, ranar 4 ga Mayu, Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin sauya Obamacare da ƙuri'a 217, masu adawa 213. Ofishin majalisa mai ƙididdigar kasafi, wanda ba ya ɓangaren kowa, ya yi hasashen cewa ƙudirin zai ƙara yawan marasa inshora da mutum miliyan 23 cikin shekara goma. Hawayen da ƙasa ta gama kallo bai hana ƙudirin wucewa a wannan zaure ba.

A Majalisar Dattawa ne labari ya canza. Sanata Bill Cassidy na jihar Louisiana, ɗan Republican kuma likita, ya fito ya ce shi ma'auninsa ɗaya ne, ya kuma raɗa wa ma'aunin sunan Kimmel: duk dokar da za a yi, a tambaya ko jaririn da aka haifa da ciwon zuciya zai samu duk kulawar da yake buƙata. Har shirin Kimmel ya shiga ya maimaita. A ƙarshen watan Yuli wani yunƙurin rushe dokar ya faɗi da ƙuri'a 49 da 51, bayan 'yan Republican uku, Susan Collins da Lisa Murkowski da John McCain, sun ƙi bin jam'iyyarsu. A watan Satumba sai ga Cassidy da Sanata Lindsey Graham da sabon ƙudiri: a kwashe kuɗin Obamacare a raba wa jihohi dunƙule, kowace jiha ta tsara nata, har da damar neman a sassauta mata wasu ƙa'idoji. Kimmel ya ce wannan ƙudiri ya faɗi jarrabawar da Cassidy ya kafa da bakinsa, ya zarge shi da yi masa ƙarya ido da ido, ya yi dare uku a jere yana fayyace ƙudirin, yana sa lambar wayar majalisa a allo don mutane su kira sanatocinsu. Ranar 26 ga Satumba aka janye ƙudirin ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, adalci ya sa mu ji ta bakin waɗanda suka soki Kimmel, domin ba dukansu ne marasa tausayi ba, kuma wasu maganganunsu suna da nauyi.

Na farko suka ce, mai barkwanci ba masanin tattalin arziki ba ne. Ƙudirin doka shafuka ne masu yawa cike da lissafi, ina ya koyi karanta su? Suka ƙara da cewa an samu rahoton ofishin Chuck Schumer, jagoran 'yan Democrat a Majalisar Dattawa, yana cikin waɗanda suka ba shi bayanai, don haka bakin jam'iyya yake ari. Cassidy shi ma ya kare kansa, ya ce jihohi sun fi gwamnatin tarayya sanin mutanensu, kuma ƙudirinsa ya shar'anta wa kowace jiha ta nuna yadda za ta kula da masu tsohon ciwo. Sai dai masana da dama masu zaman kansu da suka duba rubutun ƙudirin sun ce fahimtar Kimmel ta fi kusa da gaskiya, domin sharaɗin ba shi da haƙora, kuma ƙofar ƙara wa marar lafiya kuɗi a buɗe take. Darasin a nan shi ne, ba sana'ar mutum ake dubawa ba idan ana son a san ko ya faɗi daidai. Takardar ake buɗewa a karanta.

Na biyu suka ce, tun 1986 akwai dokar da ta wajabta wa asibitoci karɓar duk wanda aka kawo cikin halin gaggawa ko da ba shi da ko sisi, saboda haka babu jaririn da za a bari ya mutu a bakin ƙofa. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Dokar ta ce a ceto ran, ba ta ce a yafe kuɗin ba. Kuma ciwo irin wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Ɗan Kimmel an sake yi masa tiyata a ƙarshen 2017, aka yi ta uku a 2024. Tsakanin wannan da wancan akwai ganin likita, da hoto, da magani, shekara da shekaru.

Na uku shi ne mafi nauyi. Wani tsohon ɗan majalisa, Joe Walsh, ya rubuta cewa labari mai ban tausayi ba ya wajabta wa kowa biyan kuɗin asibitin wani. Maganar ta yi wa mutane da yawa zafi, ni ma ban yarda da ita ba, amma ta taɓo ainihin gaɓar da ake rigima a kanta. Tiyatar zuciyar jariri ba kyauta ba ce. Likita zai karɓi albashi, na'ura da kuɗi aka saye ta. Idan iyaye ba su biya ba, wani ne ya biya. Inshora kowace iri ce a kan ƙa'ida ɗaya take tafiya: mutane da yawa masu lafiya suna zuba kaɗan-kaɗan, a ɗebi mai yawa a kashe wa 'yan kaɗan da ciwo ya kwantar. Idan ka hana kamfani korar marar lafiya, dole ka samo masu lafiya su shigo, ko ka ɗora haraji, in ba haka ba asusun ya ƙone. Saboda haka duk wanda ya ce a ceci yaron nan, ya sani ko bai sani ba, cewa yake yi mu haɗu mu biya. Ni ina ganin al'ummar da ta amsa wannan kira ta yi abin da ya dace da mutuntaka, domin babu wanda ya zaɓi zuciyar da za a haife shi da ita, kuma mai lafiyar yau shi ne majinyacin gobe. Amma wajibi ne a faɗa wa mutane gaskiya cewa akwai biya, a kuma faɗi wanda zai biya da nawa.

To, shin Kimmel ne ya kashe ƙudirin? Sanatoci uku na Republican da suka juya wa ƙudirin na Satumba baya kowa da dalilinsa. Rand Paul cewa ya yi ƙudirin bai rushe Obamacare sosai ba. McCain ya ƙi ne saboda gaggawar da aka yi ba tare da cikakken zama da bincike ba. Collins ta ji tsoron abin da zai samu masu dogaro da Medicaid. Ƙungiyar likitocin ƙasar, da ta asibitoci, da ta tsofaffi, har da ta kamfanonin inshorar kansu, duk sun fito sun ƙi shi. Rabon Kimmel a cikin wannan aiki shi ne ya ɗauki magana mai sarƙaƙiya ya mayar da ita tambaya ɗaya da kowace uwa za ta gane, ya kuma sa ido ya koma kan majalisa a makon da ake son a yi abu cikin hanzari. Aikinsa kamar na mai shelar gari ne: yana iya tara jama'a a ƙofar fada, amma ba shi ke yanke hukunci ba, kuma ba daga aljihunsa ake zartar da shi ba.

Ga shaida. A watan Disamba na 2017, cikin wata dokar haraji, majalisa ta soke tarar nan da ake ɗora wa wanda ya ƙi sayen inshora, ɗaya daga cikin ginshiƙan Obamacare, ba tare da irin waccan hayaniya ba. Kuma tsadar kanta ba ta sauka ba: daga dala tiriliyan 3.5 a 2017 ta kai kusan 4.9 a 2023. Dalilan tsadar, irin su farashin da asibitoci da kamfanonin magani ke yankawa, da ɗimbin kuɗin da ke tafiya a aikin takardu tsakanin asibiti da kamfanin inshora, ba su da fuskar jariri, don haka da wuya su samu mai yi musu kuka a talabijin.

(Kiɗan hutun rabin lokaci)

Barkanmu da dawowa. Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan shahararrun mutane da muhawarar kuɗin asibiti.

Kada a ɗauka muryar shahararre kullum a ɓangare ɗaya take faɗawa. A 1961, Ronald Reagan yana ɗan fim, shekara ashirin kafin ya zama shugaban ƙasa, ƙungiyar likitocin Amurka ta sa shi ya ɗauki jawabi a faifan garmaho yana gargaɗin cewa idan gwamnati ta ɗauki nauyin asibitin tsofaffi, gurguzu ne zai shigo ta bayan gida. Aka rarraba faifan ga matan likitoci, su tara maƙwabta a sha gahawa a saurara, a rubuta wa 'yan majalisa wasiƙa. Ƙudirin wancan lokaci bai wuce ba, sai a 1965 aka kafa Medicare, wanda a yau tsofaffin ƙasar ba sa yarda a taɓa musu shi. Daɗin murya bai sa hasashen Reagan ya tabbata ba.

A Mayun 2013, 'yar fim Angelina Jolie ta bayyana cewa gwaji ya nuna ta gaji haɗarin kamuwa da cutar dajin mama, har ta sa aka yi mata tiyatar rigakafi. Ta kuma faɗi cewa gwajin ya haura dala 3,000, kuɗin da ya fi ƙarfin mata da yawa. Wani bincike da aka buga a 2016 ya gano cewa cikin kwanakin aiki 15 bayan maganarta masu yin gwajin sun ƙaru da kashi 64 cikin 100, amma alamu sun nuna da yawansu ba sa cikin waɗanda gwajin ya fi yi wa amfani. Niyya mai kyau ce, ta wayar da kai, ta kuma jawo kashe kuɗin da ba lallai ba ne. Akwai ma waɗanda suka yi ɓarna ƙarara, kamar 'yar talabijin Jenny McCarthy da ta yi shekaru tana danganta allurar rigakafi da lalurar galahanga a yara, alhali binciken 1998 da aka gina zargin a kansa mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Jon Stewart, shi ma mai barkwanci. Ya ɗauki maganar 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da ma'aikatan da suka shaƙi ƙura mai guba a wurin harin 11 ga Satumba 2001 a New York. A Disambar 2010 ya ba da shirinsa guda sukutum don a ji ta bakinsu, majalisa ta amince da dokar kula da su cikin kwanaki. Bai tafi ba. Ya dawo a 2015 da wa'adin dokar ya ƙare, ya sake dawowa a Yunin 2019 ya zauna gaban kwamitin majalisa tare da marasa lafiyar, har aka sa hannu a dokar da ta tabbatar da asusun diyyarsu na shekaru masu yawa. Ya san sunan dokar, ya san adadin kuɗin, ya sa masu ciwon a gaba shi yana baya, kuma ya jure shekara tara.

Mu ma a nan mun taɓa cin moriyar irin wannan naci. Mawaƙin nan ɗan ƙasar Ayalan, Bono, ya yi ta zarya wurin 'yan siyasar Amurka, har da masu tsattsauran ra'ayin mazan jiya, yana roƙon a taimaka wa Afirka yaƙar cuta mai karya garkuwar jiki. Yana cikin muryoyi da yawa da suka share fage kafin shugaba George Bush ya sanar da shirin PEPFAR a 2003, da dala biliyan 15 na shekara biyar, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da aka fi mayar da hankali a kansu. Dubban ɗaruruwan 'yan uwanmu sun sha magani kyauta ta wannan hanya. Amma da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025, hankalin masu karɓar maganin ya tashi. Abin da aka gina da aljihun wani, ranar da ya ga dama yake ɗauke hannu.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da tauraron da ciwon zuciya ya taɓa. Nwankwo Kanu, bayan ya jagoranci Nijeriya ta ci zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, likitocin ƙungiyar Inter Milan suka gano yana da matsala a zuciya, aka yi masa tiyata a Amurka a ƙarshen shekarar. Ya warke ya koma fili, kuma a 2000 ya kafa gidauniya da ta ɗauki nauyin tiyatar ɗaruruwan yara. Allah ya saka masa. Kowane yaro cikinsu rai ne guda, da uwa da uba. Amma yaran da ake haifa da irin wannan ciwo a ƙasar kowace shekara sun fi ƙarfin gidauniya ɗaya, ko goma.

Mun kuma ga ɗaya fuskar. A 2023, fitaccen ɗan wasan barkwanci John Okafor, wanda aka fi sani da Mista Ibu, ya fito daga gadon asibiti yana neman taimakon jama'a, kafin rasuwarsa a Maris 2024. A masana'antar Kannywood ma sau nawa muka ga an ɗauki bidiyon wani dattijo ko wata dattijuwa da suka yi shekaru suna nishaɗantar da mu, ana karanto lambar asusu? Jama'a sukan yi ƙoƙari, kuma taimakon marar lafiya sadaka ce mai girman lada, kada kowa ya daina. Amma mu tsaya mu yi tunani. Idan wanda duk ƙasa ta san fuskarsa sai ya tona asirinsa kafin a yi masa magani, ina ga manomin da ko a ƙauyen gaba ba a san shi ba? Tsarin da ya dogara da bidiyo yana taimakon wanda labarinsa ya fi ratsa zuciya ne, ya bar mai kunya da wanda ba shi da waya.

A Nijeriya, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa kai tsaye. Shi ya sa ciwon mutum ɗaya kan cinye akuya da gona da jarin gida. Kuma ba dokoki muka rasa ba. A Afrilun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin tarayyar Nijeriya yakan tsaya ne a wajen kashi 5. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. A Mayun 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don marasa galihu. Jihar Kano da wasu jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. A Nijar, tun 2006 aka ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, sai dai jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha raunana shirin. Gana ta kafa nata tsarin inshorar ƙasa a 2003.

Ga fili nan a buɗe ga taurarinmu. Ɗan fim ko mawaƙin da miliyoyi ke bi a Facebook da TikTok, bayan ya tara wa majinyaci ɗaya gudummawa, ya ƙara taku ɗaya. Ya tambayi gwamnan jiharsa nawa aka ware wa lafiya bana, nawa aka saki. Ya je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsa ya ga ko kuɗin asusun matakin farko yana isowa. Ya zauna da likitoci da ungozoma su fahimtar da shi kafin ya buɗe baki. Ya fara da gida, ya tsaya sai ƙungiyarsu ta 'yan fim ko ta mawaƙa ta yi wa 'ya'yanta rajistar inshora. Mun ga abin da muryar da ake girmamawa ta yi a yaƙi da shan inna, lokacin da sarakuna da malamai suka tsaya bayan turjiyar ƙin allurar rigakafi ta 2003, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020.

Mu kuma masu saurare, duk lokacin da wani shahararre ya yi maganar lafiya, mu riƙe tambayoyi huɗu. Shin abin ya shafe shi ko ya yi nazarinsa, ko kuwa biyansa aka yi, kamar masu tallar maganin da wai yana warkar da kowace cuta? Me likitoci da masana da ba su da riba a ciki suka ce? Wace doka ko wane kasafi yake nufi, da sunansa? Sannan ya faɗa mana wa zai biya? Wanda ya amsa waɗannan, a ba shi kunne a kuma mara masa baya. Wanda ya kasa, a ji daɗin fim ɗinsa da waƙarsa, amma kada a ɗora lafiyar iyali a kan maganarsa.

Kafin mu rabu, ga aiki ɗaya na wannan mako. Maigida, uwargida, ku je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, ko ku tambayi jami'in asibitin da ya fi kusa da ku, yadda ake rajista, nawa ake biya, kuma wane magani tsarin ya ɗauka. Idan kuna da ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ta masu sana'a, ko ta unguwa, ku kai maganar taronku na gaba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kuma 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a, ko da wane tauraro suka zo a gaban mota, ku tambaye su lissafin asibitinku.

A nan za mu dasa aya.   

(Kiɗan rufe shiri)